Kartar Baban Ramla

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Yau Baban Ramla ya yi dariya. Tun daga zaure na jiyo ta ina dawowa daga lakwal, har na tsaya da jakar takardun yara a kafaɗa ina tunanin ko baƙo muka yi. Rabona da jin dariyar nan tun ranar da kirik ya zame motar ta sauko masa a ƙafa, a hanyar Gangara, kafin azumi.

Jibo ne, abokin tuƙinsa na tasha, ya kawo masa tsohuwar karta don ya rage zaman kaɗaici. Tun safe yake kallon wani bidiyo a waya, na wani mutum da hannuwansa kawai ake gani. Ina ajiye jaka ya ce, "Madam, zo ki zari ɗaya."

Na ce, "Ni da karta? Bar ni in ɗora tukunya."

"Zari dai. Kada ki nuna mini."

Na zara. Tara ce mai jar zuciya. Ya ce in ɗora katin a saman sauran, in raba kartar biyu, in ɗauko rabin ƙasa in aza a sama. Na yi. Sai ya kama wuyan hannuna kamar mai auna bugun jini, yana buɗe kati ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma. Can ya tsaya, ya lumshe ido, ya ce, "Hannunki ya tona ki. Ga shi nan."

Tara mai jar zuciya. Wallahi sai da na fizge hannuna na ce a'uzubillahi. Shi da Jibo har da hawaye.

Da Jibo ya tafi ya nuna mini. Kafin in zara ya riga ya saci kallon katin da ke can ƙasa. Shi yake kira ɗan rakiya. Na aza nawa a sama, na raba, to ɗan rakiya ya hau kan nawa ke nan. In yana buɗewa ya ga ɗan rakiya, wanda ke biye da shi nawa ne. Kama hannu kuwa ado ne kawai. Abin da ɗan ajina zai koya kafin a tashi shan iska.

Ya cinye tuwo malmala guda. Ƙafar tana nan yadda take.

Laraba, 7 ga Mayu, da hantsi

Majo ya zo wankin ciwo. Da ya gama ya kira ni zaure, ya sake faɗin abin da ya faɗa wancan mako. Ba zan rubuta shi ba. Ya ce ɗorin gida ya yi iya yinsa, shi ma ya yi iya yinsa, yanzu sai babbar likita ta Damagaram, kuma kada a jima.

Ashe Baban Ramla na ji. Ya ɗaga murya daga ɗaki, "Bayan Salla, Majo. Bayan Salla."

Majo ya dube ni, na dubi ƙasa.

Asabar, 10 ga Mayu, da yamma

Ƴan fadarsu sun zo dubiya, sun dafa shayi a tsakar gida. Ya yi musu wasan nan, kowa sai da ya zara. Ina kicin ina jin salati da tafi. Wani ya ce a sake karta, aka aika aka sayo sabuwa, ya sake ganowa. Bai faɗa musu sirrin ba, ya hana Jibo ma.

Malam Hamidu maƙwabcinmu ya leƙo, ransa a ɓace, ragon layyarsa ya tsinke igiya tun jiya. Wani ya ce, "To ga mai gani nan, tambaye shi." Baban Ramla ya kama hannun dattijon, ya buɗe kati, ya murtuke fuska ya ce, "Kati ya ce ka nemi wajen ruwa." Aka fashe da dariya, har shi Malam Hamidun.

Na sa turaren wuta sau biyu saboda baƙi. Zafin nan yana tayar da warin.

Lahadi, 11 ga Mayu, da azahar

An ga ragon Malam Hamidu a bakin famfon bayan kasuwa. A wannan bazarar ina rago zai je in ba wajen ruwa ba?

Talata, 13 ga Mayu, bayan magariba

Har yanzu jikina rawa yake.

Na dawo daga lakwal na tarar da takalma a ƙofar zaurenmu kamar gidan suna. Takalman da ban sani ba. Wata mata da ɗan kunnenta na zinariya ya ɓata. Wani bawan Allah wai tun daga Falanko, jakinsa aka sace. Wasu sun zo kallo ne kawai.

Shi kuwa yana zaune ya jingina da bango, ya yi aski, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya baza ta ta rufe ƙafar. Mutumin da sai na yi magiya kafin ya yarda a sauya masa riga. Ramla ya sa ta ɗauko masa kaskon turare ta ajiye gefensa. Na ji matar nan tana raɗa wa ta kusa da ita, "Kin ga hayaƙin, da shi yake kiran su."

Turaren da na saya don in rufa mana asiri.

Da suka watse na ce, "Baban Ramla, me ke nan?"

Ya ce, "Wasa ne."

"Su ba su san wasa ne ba."

"Ban karɓi ko dala ba. Ban ce ni wani ne ba."

"Ba ka ce ba kai ba ne."

Ya daɗe yana gyara gefen kartar da babban yatsa. Sannan ya ce, "Sakinatu, tun da na kwanta ko ƙarfe nawa ba wanda ya tambaye ni. Sannu, sannu, Allah ya ƙara sauƙi, a tashi a tafi. Yau mutum ya taso daga Falanko don ya ji abin da zai fito daga bakina."

Ban sami abin cewa ba. Ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Alhamis, 15 ga Mayu, da rana

Ramla ta zo ajina tana kuka. Wai yara suna kiranta ƴar boka. A ƙofar lakwal kuma uwar wani ɗan aji shida ta tare ni, ta ja ni gefe, wai don Allah in tambayar mata maigidan ko yaronta zai ci jarrabawa. Na tsaya ina kallon bakinta. Matar nan da ita muke zuwa islamiyya ran Lahadi.

Liman ya aiko Malam Hamidu da saƙo cikin mutunci: a ji tsoron Allah, gaibu nasa ne. Baban Ramla ya ce a gaishe da liman, gaskiyarsa ce. Kafin la'asar zaure ya sake cika.

Ƙafar tana nan. A'a. Ba ta nan yadda take.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan sauko wa daga masallaci

Wata dattijuwar Buzuwa ta zo. Sunanta Fadimata, daga wani zango arewa da Belbeji. Doguwa, busasshiya, shunin lulluɓinta ya rine mata goshi. Ba ta shiga cikin mutane ba, ta zauna a gindin darbejiya har kowa ya tafi, sannan ta matso ta ajiye cuku a bakin tabarma.

Ɗanta take nema, Agali. Ya tafi filin zinariya can arewa da Agadas. Da yana kira duk Juma'a ta wayar wani mai shago a Belbeji. Tun tsakiyar azumi shiru. Ta je wajen jandarma, sun rubuta sunansa. Ta je tashar Agadas tana tambayar duk motar da ta sauko. A tasha aka ba ta labarin mai karta.

Ina tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Na ce a raina yanzu zai faɗa mata gaskiya. Rago daban, jaki daban, wannan ɗan mutum ne.

Ya ce, "Inna, zari ɗaya."

Ta zara. Ba ta ma san sunan katin ba, sai ta ƙura masa ido don ta riƙe zanensa. Ya kama wuyan hannunta. Ya buɗe, ya buɗe, ya tsaya. Ta ga katinta. Ta dafe ƙirji.

Ta ce, "Ɗana, yana da rai?"

Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya dube ta, ya dubi katin.

Ya ce, "Yana da rai."

Ludayin ya faɗi daga hannuna. Ita kuwa ta kifa goshinta a ƙasa tana godiya ga Allah da harshensu.

Yana da rai. Da bakinsa ya faɗa. Mijina.

Asabar, 17 ga Mayu, da safe

Na kai masa koko. Ban yi magana ba, bai yi ba.

Litinin, 19 ga Mayu, da yamma

Na yi abin da ban taɓa zaton zan yi wa mijina a gaban mutane ba.

Inna Fadimata ta sauka gidan wani ɗan'uwanta a nan Tanut, ta ce ba za ta koma zango ba sai da Agali. Yau na dawo na same ta cikin jama'a, ana ta nuna ta, ga matar da aka gano wa ɗa. Ko jaka ban ajiye ba. Na durƙusa na ɗauke kartar daga gabansa.

Ya ce, "Sakinatu."

Na ce, "Ku matso ku gani." Na ɗaga musu katin ƙasa. "Kun ga wannan? Shi ake leƙawa tun farko." Na sa Malam Hamidu ya zara, ya aza a sama, ya raba. Na buɗe a hankali ina bayani kamar ina gaban allo. Ga ɗan rakiya, ga naka a bayansa. Na ce, "Ba aljani, ba rauhani. A waya ya koya. Ko Ramla za ta iya."

Tsit. Na zaci shi ke nan.

Sai wata mata daga baya ta ce, "La ilaha illallahu. Ashe matar ma an ba ta."

Wani ya ce, "Ko hannunsa ba ta kama ba. Ta fi mijin."

Na tsaya da karta a hannu bakina a buɗe. Na sake yi, na sake bayani. Wani saurayi ya gane, ya yi dariya ya fita. Saura suka ce ɓoyewa muke yi saboda liman. Inna Fadimata ba ta ce uffan ba, idonta na kaina.

Da aka watse Baban Ramla ya juya fuska bango. Ya ce, "Kin tuɓe ni a kasuwa." Bai ci abinci ba.

Laraba, 21 ga Mayu, da hantsi

Zazzaɓi tun jiya. Ban je lakwal ba.

Majo ya kwance bandeji, na ga yatsun. Na sha ganinsu, amma yau na gan su. Na fita bayan ɗaki na yi amai.

Majo bai kira ni zaure ba wannan karon. A gabansa ya faɗa. Ya ce, "Zakiyyu, da can ƙafa muke ƙoƙarin ceto. Yanzu kai muke ƙoƙarin ceto."

Ya ce, "Direba ne ni, Majo. Da me zan taka ambirayaji?"

Majo ya ɗaure jakarsa ya tafi bai sha ruwan da na kawo ba.

Na rufe zaure da sakata. An yi ta bugawa.

Alhamis, 22 ga Mayu, da la'asar

Ita kaɗai na buɗe wa. Ban san dalili ba.

Ba ta nemi karta ba. Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana yi masa fifita tana ba shi labarin Agali. Wai yana ƙarami ya ɓata a daji, aka same shi yana barci a jikin taguwa. Wai ba ya cin yaji. Wai ya tafi ne don ya mayar da raƙuman da fari ya cinye musu. Ya bar mata da ƴar jaririya.

Baban Ramla yana jin ta ido a rufe, gumi na tsiyaya. Sau ɗaya ya buɗe baki ya ce, "Inna, ranar nan da na ce miki…" Ta ce, "Sha ruwa, ɗana," ta kai masa moɗa baki.

Da na raka ta na ce, "Inna, kin dai ga abin da na nuna ranar Litinin."

Ta ce, "Na gani."

"To?"

Ta gyara lulluɓi ta ce, "Gobe in Allah ya kai mu zan kawo masa nono."

Asabar, 24 ga Mayu, da azahar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jibo ya zo daga tasha a guje. Motar arewa ta sauko da wani yaro ɗan zangonsu. Rami ne ya rufta da mutum huɗu, tun cikin azumi. Ba a iya tono su ba. Ya kawo rawaninsa da wayarsa.

Tun cikin azumi. Ranar da aka kama hannunta a tsakar gidan nan, ya fi wata a ƙarƙashin ƙasa.

Jibo a zaure ya faɗa mini, murya ƙasa-ƙasa. Amma gidan namu ba shi da girma. Na shiga ɗaki na same shi ya cusa bakin riga a baki yana kuka kada Ramla ta ji.

Asabar, da magariba

Ba wanda ya buga ƙofa yau. Jibo ya ce ɗan'uwanta yana ta faɗa a tasha, wai sai ya kai ƙara.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan azahar, a cikin mota

Rubutun zai karkace, hanya ba kyau.

Da sassafe ta zo. Za ta koma zango karɓar gaisuwa, mota na jiranta, ɗan'uwan nata yana tsaye a waje ya ƙi shigowa. Na durƙusa na yi mata ta'aziyya, muryata ba ta fita. Na ɗauka zagi ta kawo, kuma na shirya karɓa.

Ta wuce ni ta shiga ɗaki. Ya yunƙura zai tashi ya kasa. Ya ce, "Inna, ƙarya na yi miki. Ban ga kome ba. Ban taɓa ganin kome ba. Ki yafe mini don Allah."

Ta ce, "Na sani. Tun ran da matarka ta nuna na gane, ni ba yarinya ba ce. Amma ko'ina na je ana kawar da kai in na ambaci sunansa. Nan kaɗai ake barina in faɗi Agali har in gaji."

Sai ta sunkuya ta yaye zanen da ke kan ƙafar. Ba ta toshe hanci ba. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ka faɗa mini ƙarya na yi maka godiya. Yau zan faɗa maka gaskiya, ba sai ka gode ba. Wannan ƙafa ta mutu. Tun ran farko na ji warinta, turare bai ɓoye mini ba. Tana jan ka ne zuwa inda ta tafi."

Ya ce, "Inna, in aka…" ya kasa ƙarasawa.

Ta ce, "A yanke ta." Haka, kai tsaye, kalmar da na kasa rubutawa tun farkon wata. "Nawa yana cikin rami, ba hannun da ya kai gare shi. Kai ga hannuwa ko'ina suna miƙo maka, kana cewa bayan Salla. Ƴar Agali ba za ta san fuskar ubanta ba. Taka kuma me ta yi maka?"

Ramla tana laɓe a bayan labule, ƙafafunta sun leƙo ta ƙasa. Ya ga su.

Inna Fadimata ta mayar da zanen, ta gyara shi kamar mai rufe jariri. A ƙofa ta ce, "Na yafe. Allah ma ya yafe mana." Ta fita.

Bai yi magana ba har ƙarar motarsu ta ɓace. Sannan ya ce, "Kira mini Jibo."

Mun bar Ramla wajen matar Malam Hamidu. Jibo ya cire kujerar baya ya shimfiɗa katifa. Kansa yana kan cinyata, zafin jikinsa kamar bakin murhu. Yana ta gyara wa Jibo tuƙi, wai ya cika taka birki.

Litinin, 26 ga Mayu, Damagaram, da yamma

Dokta ya ce ƙasa da gwiwa, in Allah ya yarda. Ya ce da mun ƙara kwanaki da ba maganar gwiwa ake ba. Shi ya sa hannu a takarda da kansa. Hannun bai yi rawa ba. Nawa ne ya yi.

Talata, 27 ga Mayu, da azahar

An yi. Yana numfashi. Alhamdulillahi.

Laraba, 28 ga Mayu, da hantsi

Ya farka sosai yau. Ya daɗe yana kallon inda zanen gado ya kwanta shafe a ɓangaren hagu. Ban hana shi ba, ban kuma ce masa kome ba. Ya ce yatsun suna yi masa ƙaiƙayi. Mai jinyar gadon kusa ya ce haka ake ji, zai wuce.

Jiya an miƙo mana ita a naɗe cikin farin ƙyalle, aka ce mu san yadda za mu yi. Ban san ana ba da ita ba. Na tsaya kawai. Jibo ya karɓa da hannu biyu, ya ce in koma ciki.

Yau da ya shigo, Baban Ramla ya dubi gwiwoyin wandonsa, duk jar ƙasa.

Ya ce, "Ka binne ta?"

"Na binne ta. A maƙabarta, gefen katanga. Wani malami ya nuna mini wuri."

"Ka ce mata wani abu?"

Jibo ya sosa ƙeya. "Me zan ce wa ƙafa, Zakiyyu?"

"Da ka ce mata sannu da aiki. Tun ina saurayi take taka mini ambirayaji tsakanin Tanut da Damagaram, ba ta taɓa ƙorafi ba."

Jibo ya yi dariya, dariyar ta juye masa, ya fita da sauri yana goge fuska da hula.

Muka rage mu biyu. Ya ce, "Madam."

Na ce, "Na'am."

"In an sallame ni, kafin gida, Belbeji. Ban yi wa matar nan gaisuwa yadda ya kamata ba."

Na ce, "Da sanduna za ka shiga zango? Rairayi ne fa."

Ya ce, "Ko da rarrafe."

Na zuba masa kunu. Ya karɓi kofin da kansa, ya ce sukari bai ji ba.